Gina Rijiya Ba Ya Maye Gurbin Biyan Haraji

Edita,

Ka ba ni fili a jaridarka mai farin jini in yi tsokaci kan manyan kamfanonin da ke zille wa haraji.

A Satumban 2024, kotun ƙoli ta Tarayyar Turai ta umarci kamfanin Apple ya biya ƙasar Ireland Yuro biliyan 13 na harajin da aka yi masa rangwame ba bisa ƙa'ida ba. Binciken Hukumar Tarayyar Turai ya nuna cewa a 2014, wani reshen kamfanin Yuro 50 kacal ya biya a kan kowace ribar Yuro miliyan 1. Dabarar ita ce tura ribar zuwa wani "babban ofishi" da ke kan takarda kawai, ba ma'aikaci, ba gini.

Alhali mai shago a kasuwa kullum sai ya yanki rasit, ko ya yi ciniki ko bai yi ba. Sannan irin waɗannan kamfanoni su gina rijiya ko aji biyu, su tara 'yan jarida a yaba musu. Wannan ai kura ce da fatar akuya.

Ina kira ga hukumomin haraji su tilasta wa kowane kamfani biyan haraji a ƙasar da ya ci ribar.

Naku,
Mai karatu daga Kano