Karaye da Rogo: Tarihi na ajiye a birni, masu shi na karkara

A tsakanin shekarar 2019 da ta 2024, sau uku ana sauya matsayin sarautar Karaye da ke yammacin jihar Kano.

A watan Mayun 2019 gwamnatin Abdullahi Umar Ganduje ta ɗaga ta zuwa masarauta mai daraja ta ɗaya, tare da Bichi da Rano da Gaya. A watan Mayun 2024 gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta soke waccan doka. Bayan wata biyu kuma aka sake kafa masarautar a matsayin mai daraja ta biyu, wadda ta ƙunshi ƙananan hukumomin Karaye da Rogo, a ƙarƙashin Sarkin Kano.

A duk waɗannan matakai, da masu goyon baya da masu adawa, kowa da tarihi ya riƙa kafa hujja. Wani ɓangare na cewa Karaye tsohuwar sarauta ce da aka mayar wa haƙƙinta. Ɗaya ɓangaren na cewa an yayyaga masarautar da ta shafe ɗaruruwan shekaru a dunƙule.

To sai dai akwai tambayar da ba a cika yi ba: malamin makaranta a Rogo, ko ɗalibin sakandare a Karaye, da ya ji waɗannan bayanai a rediyo, ina zai je ya tantance su da kansa?

Abin da kundin ya ƙunsa

Babban abin da ake dogaro da shi wajen sanin tsohon tarihin wannan ƙasa shi ne kundin tarihin sarakunan Kano, wanda aka rubuta da Larabci. Masana irin su Murray Last da John Hunwick na ganin a ƙarshen ƙarni na 19 aka tsara shi yadda yake a yanzu, daga ruwayoyin da suka girme shi. A 1908 wani jami'in mulkin mallaka, H. R. Palmer, ya buga fassararsa da Turanci, sannan a shekarun 1930 aka fitar da shi da Hausa a Zariya cikin Labarun Hausawa da Maƙwabtansu.

Kundin ya ambaci Karaye tun a zamanin Sarki Yusa, wanda ake yi wa laƙabi da Tsaraki, a wajajen ƙarni na 12, inda ya nuna cewa Sarkin ya kai mata yaƙi. Ya sake ambatonta a farkon ƙarni na 17, zamanin Sarki Muhammadu Nazaki, lokacin da Wambai Giwa ya tare a garin yana kai wa Katsinawa hare-hare daga can, har ƙarfinsa ya kai aka soma zargin zai yi tawaye.

A ƙarni na 19 kuwa, bayan jihadi, Sarkin Karaye na cikin manyan sarakunan garuruwa na ƙasar Kano, irin su na Rano da Gaya da Dutse, waɗanda ke zaune a garuruwansu suna gadon sarauta a gidajensu, amma suna biyayya ga Sarkin Kano.

Ke nan kowane ɓangare na da abin da zai tsinta a cikin waɗannan bayanai. Karaye tsohon gari ne mai sarautarsa, kuma ya daɗe yana cikin ƙasar Kano a matsayin garkuwarta ta yamma. Wanda ya karanta labarin daga farko zuwa ƙarshe zai yi wuya a ruɗe shi da rabinsa. Matsalar ita ce kaɗan ne daga mutanen yankin suka taɓa samun wannan dama.

Ina takardun suke?

Bayan da Turawan Ingila suka ci Kano a watan Fabrairun 1903, sun rarraba ƙasar zuwa gundumomi, suka kuma riƙa tura jami'ansu rangadi domin ƙiyasta haraji. Rahotannin irin wannan rangadi kan ƙunshi sunayen ƙauyuka da dagatai, da yawan jama'a, da amfanin gona, da sana'o'i, da kasuwanni, da abin da dattawa suka faɗa game da kafuwar garuruwansu.

Akasarin takardun lardin Kano na wancan zamani na ajiye ne a reshen Kaduna na Hukumar Adana Takardun Tarihi ta Ƙasa, hukumar da ta samo asali a Ibadan a 1954 bisa ƙoƙarin masanin tarihi Kenneth Dike. Wasu kuma suna hannun Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano, mai kula da Gidan Ɗan Hausa, wato tsohon gidan Hanns Vischer, Baturen da ya buɗe makarantar boko a Nasarawa a 1909.

Sai Gidan Arewa da ke Kaduna, tsohon gidan Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello, wanda aka mayar cibiyar bincike a 1970, yake kuma ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello. Sai kuma Gidan Makama a birnin Kano, wanda ake danganta gininsa da zamanin Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15, kuma yake hannun Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa da aka kafa a 1979.

Waɗannan cibiyoyi na yin aikin wayar da kai daidai gwargwado. Gidan Makama da Gidan Ɗan Hausa na karɓar ɗalibai masu ziyarar ƙaro ilimi, ana zagayawa da su ana yi musu bayani. Gidan Arewa na shirya laccoci da tarukan ƙara wa juna sani. Akan kuma yi bukukuwa a ranar 18 ga watan Mayu, wadda aka keɓe domin gidajen tarihi a duniya.

Amma tsarin duka ɗaya ne: cibiya na zaune a birni, tana jiran a zo. Makarantar da ke cikin birnin Kano na iya kai yara Gidan Makama da safe ta dawo kafin azahar. Makarantar gwamnati da ke Rogo, a kan iyakar jihohin Kaduna da Katsina, sai ta nemi mota da mai da abincin yara na yini guda. Idan ma yaran sun je, labarin fada da ganuwa da ƙofofin birni za su fi ji, domin a kansu aka gina baje kolin.

Labarin Baba

Abin mamaki shi ne wannan yanki ya ba duniya ɗaya daga cikin fitattun littattafan tarihin baka da aka taɓa rubutawa a kan Afirka.

A tsakanin ƙarshen 1949 da farkon 1950, wata dattijuwa da ake kira Baba ta zauna da Mary Smith, matar masanin halayyar al'umma M. G. Smith, a Giwa da Zariya, ta ba ta labarin rayuwarta da Hausa. Baba ta tashi ne a ƙauyen Karo, kusa da Zarewa, garin da ke cikin ƙaramar hukumar Rogo a yau. Ta rasu a 1951, aka kuma buga littafin da Turanci a London a 1954 da sunan Baba of Karo. Sai bayan shekaru da dama aka buga shi da Hausar da ta yi magana da ita.

A cikinsa babu jerin sarakuna. Akwai labarin rinji da bayi, da mahara masu sace mutane, da yadda dangi ke haɗa dukiya su fanso ɗan'uwansu. Akwai aure da saki, da goyo da yaye, da ƙawance tsakanin mata, da yadda talaka ya ga zuwan Turawa, wanda ya sha bamban da yadda masu mulki suka gan shi.

An daɗe ana karanta wannan littafi a jami'o'in Turai da Amurka. Ɗalibin da ke nazarin Afirka a can na iya sanin sunan Zarewa, alhali yarinyar da ke zuwa makaranta a Zarewa ba lallai ne ta taɓa jin cewa wata kakar garinsu ta shahara haka ba.

Wannan misali na nuna abu biyu. Na farko, tarihin karkara na da daraja ko da babu sarki a cikinsa. Na biyu, abin da aka ɗauka daga bakin mutane ba kasafai yake komawa wurinsu ba.

Tarihi ya koma aji

Batun ya ƙara muhimmanci ne saboda sauyin da aka samu a manhajar makarantu. A ƙarshen shekarun 2000 aka cire darasin tarihi daga matakin firamare da ƙaramar sakandare a Najeriya, aka cusa ɗan abin da ya rage cikin wasu darussa. Bayan doguwar fafutukar malaman tarihi, gwamnatin Muhammadu Buhari ta ba da umarnin mayar da shi, a watan Nuwamban 2022 kuma aka ƙaddamar da horar da malamai 3,700. A watan Satumban 2025 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta bayyana tarihin Najeriya a matsayin darasin dole daga aji ɗaya na firamare zuwa aji uku na ƙaramar sakandare.

Sai dai umarni daga Abuja ba ya samar da abin koyarwa. Da yawa daga matasan malaman da za su shiga aji yanzu su kansu sun yi karatu a lokacin da babu darasin. Littafin da aka rubuta domin ƙasa baki ɗaya zai yi maganar Bayajida da Daular Usmaniyya da haɗewar 1914, amma da wuya ya faɗa wa yaro wanda ya kafa garinsu, ko dalilin da ya sa kasuwarsu ke ci a ranar da take ci.

A nan ne ake buƙatar gidajen tarihi da ma'adanan takardu. Su ke riƙe da kayan da za su cike wannan giɓi.

Abin da ke kawo cikas

Cikas na farko kuɗi ne. Cibiyoyin adana tarihi a Najeriya sun daɗe suna kukan ƙarancin kasafi, ga takardu na fama da ƙura da gara da zafi. Hukumar da ke fafutukar ceto abin da ke hannunta, da wuya ta yi tunanin fita rangadi.

Na biyu harshe. Rahotannin Turawa da Turanci suke, wasiƙun sarakuna da bayanan alƙalai da Larabci, wasu rubuce-rubucen kuma da ajami. Kafin su amfani ɗan firamare sai an zaɓo, an fassara, an kuma yi bayani, domin jami'in da ya zo ƙirga haraji yana da tasa manufar, kuma dagacin da ya ba shi amsa yana da tasa.

Na uku siyasa. A yanayin da rikicin masarautun Kano ya kai gaban kotuna, duk wanda ya fito da tsohuwar takarda a kan sarauta ko iyakar ƙasa na iya fuskantar zargin yi wa wani ɓangare aiki. Akwai kuma batutuwa masu sosa rai, kamar na bauta da asalin gidaje, waɗanda iyalai da dama ba sa son a tono. Amma rufe takardun bai hana a yi gardama ba. Ya dai bar ta a hannun 'yan siyasa da masu rubutu a Facebook.

Hanyoyin da ke buɗe

Akwai abin da aka riga aka fara. Wani shirin ceto takardu na Ɗakin Karatu na Birtaniya, wanda ya soma aiki a 2004, ya ɗauki nauyin ɗaukar hotunan tsofaffin takardu a Kano da Kaduna, aka sanya su a intanet. Mai bincike a ko'ina cikin duniya ya amfana. Abin da ya rage shi ne a buga kaɗan daga irin waɗannan a manyan alluna, da fassarar Hausa, a zagaya da su makarantu da fadar hakimai.

Rediyo ma hanya ce, ganin yadda jihar Kano ke da tashoshi masu yawa da ake saurare har cikin ƙauyuka. Haka nan sansanin horar da masu yi wa ƙasa hidima na jihar yana Karaye ne, kusa da madatsar ruwa ta Kusalla, inda matasa daga sassan Najeriya ke sauka rukuni bayan rukuni, da yawansu kuma makarantu ake tura su koyarwa.

Aikin kuma na iya tafiya ta fuska biyu, a kai wa jama'a, a kuma karɓo daga gare su. A farkon shekarun 1990 aka kammala madatsar ruwa ta Challawa a ƙasar Karaye, wadda ruwanta ya mamaye gonaki da matsugunai. Waɗanda suka san yadda wuraren suke kafin ruwan ya zo suna nan da rai, amma suna tsufa. A birnin Cape Town na Afirka ta Kudu, gidan tarihin District Six da aka buɗe a 1994 an gina shi ne kacokan a kan tunanin mutanen da aka tasa daga unguwarsu, da hotuna da kayan da suka kawo da hannunsu. Wayar salula da malami ɗaya mai himma sun isa a fara irin wannan aiki.

Haka kuma a gidajen malamai da limamai na garuruwa irin su Karaye da Rogo akan samu littattafai da wasiƙu na kaka da kakanni a cikin gafaka da akwatuna. Masu su ba za su yarda a kwashe zuwa birni ba, kuma suna da hujja. Za su fi saurin yarda a ɗauki hoto a bar musu kayansu.

Kawo yanzu dai hankalin hukumomi ya fi karkata ga wanda zai riƙe sanda da kuma darajar sandar. Abin jira a gani shi ne ko sabuwar masarautar Karaye, da ƙananan hukumomin biyu, da Hukumar Tarihi da Al'adu ta jihar za su haɗa hannu su kai wa makarantun yankin nasu labarin, tun dattawan da za a tambaya suna raye.