Daga Kwadon Zuwa Kara: Batirin Waya Ya Zama Guzuri, Amma Lambar Da Ke Jikinsa Ba Gaskiya Ba Ce

Duk wanda ya taɓa jiran tirelar shanu a Kara ta bakin Ikko, ko Akinyele a Badun, ko Lokpanta a Abiya, ya san wata kalma guda da take tayar da hankali fiye da tsadar dizal: "wayarsa a kashe take." Ka kira direba ba ta shiga, ka kira yaron da ke saman bodi ba ta shiga. Daga nan zuciya ta fara saƙe-saƙe. Ko 'yan fashi ne, ko mota ta faɗi, ko an tare su a wani gari. Sau da yawa kuwa ba komai ba ne, caji ne ya ƙare.

Ni ɗan Kwadon ne, a ƙaramar hukumar Yamaltu/Deba, ɗan tafiya kaɗan daga cikin Gombe in ka ɗauki hanyar Dadin Kowa. Mahaifina fataucin shanu yake yi tun ban san kaina ba, kuma tun da na gama sakandare nake raka kaya Kudu. Abin da ya sa na ɗauko maganar batir, wanda wani zai ga ƙaramin abu ne, shi ne yadda abubuwa uku suka haɗu mana a 'yan shekarun nan, suka mayar da shi babban abu.

Na farko canjin kuɗi na farkon 2023. Kafin nan Baba da abokansa kuɗi suke ƙullawa a jiki, ko a bai wa amintacce ya hau mota da su. Da takardar naira ta ɓace, dole kowa ya koma tiransifa. Yau dattijon da bai iya karanta boko ba ya san ƙarar shigowar alat, kuma ba zai saki igiyar sa ba sai ya ji ta. Ciniki na miliyoyi ya rataya a kan waya, waya kuma ta rataya a kan batir. Sai aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, janareta ya zama sai mai hali, masu shagon caji suka ƙara kuɗi. Na ukun shi ne wutar kanta.

A watan Afrilun 2024 ɓarayin ƙarfe suka kayar da turakun babban layin wuta na Jos zuwa Gombe. Gombe, Yola, Jalingo, Damaturu, duk muka shiga duhu na makonni, ga shi tsakiyar zafi. Ba mu gama farfaɗowa ba, a Oktoban shekarar layin Ugwuaji zuwa Apir ya samu matsala, alhali na Shiroro zuwa Kaduna ma an riga an lalata shi, sai kusan Arewa gaba ɗaya ta yi kwanaki babu wuta. Ku lura da wani abu: Ugwuaji a Inugu take, Apir kuma a bakin Makurɗi. Wato hanyar da tirelolinmu suke bi su gangara Gabas, ta nan wutarmu take hawowa. Abin haushin a wurinmu 'yan Kwadon, ga madatsar Dadin Kowa nan a bayanmu mai tashar megawat 40, amma muna bin layi a shagon mai caji da waya a hannu kamar masu jiran awon asibiti.

To a irin wannan yanayi ne kasuwar "batir mai dogon zango" ta buɗe. Kowa yana son batirin da zai kai shi kwana uku. Masu kawo kaya kuma sun gane haka, sai suka ba mu abin da muke son gani, ba abin da muke bukata ba.

Bari in ba ku nawa labarin. Ina da ƙaramar waya mai madannai wadda nake ajiye layin banki a ciki. Batirinta na asali, wanda 'yan kasuwa ke kira folokom, ya gaji. Na shiga wani shago, mai shagon ya miƙo min guda biyu. Ɗaya an rubuta 1000mAh, ɗayan an rubuta 3800mAh da ruwan zinariya, girmansu ɗaya sak, ramin da za su shiga ɗaya. Ya ce, "Ɗan Alhaji, wannan sati yake yi." Na biya kuɗi ninki biyu ina murna. Mun tashi daga Gombe da asuba, kafin mu kai Akwanga ya mutu. A Lokoja na ari wayar wani direba na kira gida, na tarar Baba ya riga ya sa an fara cigiya.

Daga baya wani mai gyaran waya ya yi min bayanin da ya kamata in sani tun farko, kuma da na bincika na ga haka abin yake. Lambar nan ta mAh ma'aunin yawan wutar da batir ke iya ɗauka ce, kamar lita a jarka. Sinadarin da ke ciki, wato litiyam, yana da iyakar abin da zai riƙe a daidai girmansa. Batirin nan na Nokia da kowa ya sani, BL-5C, wanda ƙananan wayoyi da rediyoyi da yawa suke amfani da irinsa har yau, ƙarfinsa 1020mAh ne. Kamfanin da ya ƙera shi da duk injiniyoyinsa iya abin da ya iya cusawa ke nan. In wani ya zo da mai girma ɗaya ya ce ya ninka sau uku ko huɗu, daidai yake da dillalin da ya ce maka tirela mai ɗaukar shanu talatin ya zuba mata ɗari kuma duk suna tsaye lafiya. Batir mai ƙarin ƙarfi na gaskiya akwai shi, amma za ka gan shi ya fi kauri, ya fi nauyi, har a da can sai an haɗa maka da wani murfin baya mai tudu kafin ya rufu. Ƙarin kashi 10 ko 15 cikin ɗari a girma ɗaya, wannan ana iya yarda saboda fasaha tana ci gaba. Ninki uku, a'a.

Mu 'ya'yan masu shanu ai bai kamata a cuce mu a nan ba. Ba wanda yake sayen sa da abin da mai shi ya faɗa, sai ya taɓa, ya duba haƙori, ya kimanta nauyi. Haka batir. Ɗora sabon a tafin hannu ɗaya, tsohon folokom a ɗaya hannun. Jabu yakan fi sauƙi, domin an rage kayan ciki. Duba lambar samfurin ta yi daidai da ta tsohon, duba ƙarfin boltin, 3.7 ko 3.8 ko abin da aka rubuta a naka. Duba shekarar da aka yi shi in an rubuta, domin batir yana tsufa ko a cikin kwali yake, musamman a shagon kwano mai zafi. Sannan ka nemi sharaɗi a gaban shaida: in bai riƙe ba cikin kwana kaza zan dawo da shi. Mai kayan kirki ba ya tsoron wannan magana.

Manyan wayoyi kuma matsalarsu daban. Tecno, Infinix da itel, waɗanda duk na kamfani ɗaya ne, Transsion na birnin Shenzhen a Chaina, sun mamaye aljihunmu ne saboda sun gane halin da muke ciki, suna sa batir 5000mAh ko sama da haka. Amma yanzu batirin a manne yake a ciki da gam, ba ka isa ka cire da farce ba. In ya gaji sai wurin mai gyara, kuma a nan ba ka ma ganin abin da aka sa maka. Shawarata, ka tsaya a kansa a buɗe a gabanka, ka karɓi tsohon, ka ga sabon kafin a manne. Waɗannan wayoyin suna da wuraren gyaransu na kamfani, Carlcare, a manyan garuruwa, kuma ko da kuɗin ya ɗan ɗara, in wayar ita ce shagonka ya fi maka. Ka kuma sani batirin litiyam bayan an cika shi an juye kamar sau 300 zuwa 500 yake fara raguwa a fili. Wanda yake cika waya sau biyu kullum, shekara ɗaya ta ishe shi ya ga bambanci. Ba asiri ba ne, ba kuma lalle mai caji ne ya musanya maka ba, ko da yake shi ma wannan yana faruwa a masu ƙananan wayoyi, shi ya sa nake sa wa nawa alama da wuƙa a gefen takardarsa.

Fawabank ma haka zancen yake, har ya fi. Wanda aka rubuta 20,000mAh na gaskiya ba zai cika waya mai 5000 sau huɗu ba, domin wuta tana zubewa wajen juya ta daga ƙarfin batir zuwa na caja, wani ɓangare ya tafi a zafi. Sau biyu da rabi zuwa uku, in ka samu haka ka sayi na kirki. Kuma yana da nauyi a hannu, ya haura gram 300. Wanda ka gani kamar kwalin ashana an rubuta 50,000, har da ɗan gilashin sola a bayansa, ka bar wa mai shi. Ɗan gilashin nan ko ya yi yini a rana abin da zai tara bai taka kara ya karya ba, zafin ranar kuma yana cinye batirin da ke ƙarƙashinsa.

Zafi shi ne babban maƙiyin batir, kuma mu muna da shi har na sayarwa. A Maris da Afrilu Gombe tana haura digiri 40. Yaran mota sukan ajiye waya a gaban gilashi tana caji rana na dukanta, ko a cusa ta ƙarƙashin matashi ana kallo tana jone. Wannan ne yake kawo kumburi. In ka ga bayan waya ya ɗago, ko gilashi ya fara rabuwa da jiki, iska ce ta taru a cikin batir. Wallahi na ga masu huda shi da allura wai iskar ta fita, na ga masu ɗaure shi da roba. Kada ka yi. Batirin litiyam in ya kama wuta ba ya jin lallashi. Samsung da girmansa sai da ya janye Galaxy Note 7 daga kasuwa gaba ɗaya a 2016 saboda batura suna kamawa. Ka tuna yadda ɗakunanmu suke a Sabo ko Agege ko Mile 12, mutum shida a ɗaki ɗaya, katifu da ledoji, soket ɗaya waya takwas. Ka tuna kuma tirela mai ciyawa a bodi.

Laifin wa ke nan? Akwai hukumar SON da aka ɗora wa tantance ingancin kayan da ke shigowa, akwai FCCPC ta kare haƙƙin mai saye. Amma mutumin da aka cuta a batirin dubu biyu ko uku ba zai bar shanunsa ya tafi ofis ya cike takarda ba, masu kawo jabun kuma da wannan suka dogara. Cutar kaɗan-kaɗan ce a kan mutane masu yawa, ba mai ihu. A Turai sun yi doka a 2023 cewa daga 2027 a riƙa yin na'urori yadda mai su zai iya canza batir da kansa. In kamfanoni suka bi, wataƙila mu ma iskar ta kaɗo mana, tunda ba za su so ƙera waya iri biyu ba. Sai dai in batir mai cirewa ya dawo alhali ba mai tsare bakin tashar jiragen ruwa, to kasuwar jabu ce za ta ƙara faɗi. Ni ban sa rai da gwamnati sosai a wannan ba. Na fi sa rai da abin da muke da shi a hannu. Kowane zango yana da sarkin Hausawa, kowace kara tana da shugabanni, masu sayar da kayan waya a cikinmu ma suna da ƙungiya, kuma da yawansu yaranmu ne masu yawo da allon caja da batura a tasha. Su ma a Alaba ko Kwamfuta Bilej ake sayar musu, ba su suka buga lambar ba. Amma da ƙungiya za ta ce duk wanda ya sayar da batir sai da sharaɗin mayarwa na sati ɗaya, su da kansu za su daina saro marar kyau, domin asarar za ta koma kansu.

Wani zai ce duk wannan surutu a kan batir? Waɗanda suka ga rikicin Sasa a Badun a Fabrairun 2021 sun san darajar waya mai caji a daren da kowa ke neman ɗan uwansa. Direbobin da Litinin ta taɓa ritsawa da su a hanyar Gabas, suka faka suka yini saboda dokar zaman gida, su ma sun sani.

Abin da muke yi yanzu a motocin Baba shi ne, kowane yaro yana da ƙaramar waya mai madannai da batura biyu cikakku a leda, ba a haɗa su da makulli ko tsabar ƙarfe a aljihu ɗaya. Ita ce ta kira da alat, kuma layin an sa masa lambar sirri saboda ko ta faɗi. Babbar waya a kashe take sai an tsaya, fawabank ɗaya na direba ne, ba na kallon TikTok ba. An kuma yanka wurare huɗu da dole a kira gida: Jos, Akwanga, Lokoja, sai bakin Kara. Wancan mai ruwan zinariyar kuwa yana nan a aljihun jakata, nakan fito da shi in nuna wa duk sabon yaron da za mu yi tafiya da shi.