Korona ta lafa, amma ƙofar da irinta ke shigowa a buɗe take

Jama'a, mun manta da korona kamar ba a yi ba. An rufe makarantu, an dakatar da sallar Juma'a a wurare da dama, an hana zirga-zirga tsakanin jihohi, amma yau ba mai tambayar daga ina abin ya taso. Ni kuwa a ganina wannan tambaya ta shafe mu, mu mutanen Gangara da Sabon Birni da Isa.

Cutar ta bayyana a birnin Wuhan na ƙasar Sin a ƙarshen 2019, kuma da yawa cikin waɗanda suka fara kamuwa suna da alaƙa da kasuwar Huanan, inda ake sayar da namun daji da ransu. An rufe kasuwar ranar 1 ga Janairun 2020. Ranar 27 ga Fabrairu sai ga ta a Legas. Wasu na cewa daga ɗakin gwaji ta tsere, har yau ana wannan gardamar. To amma cutar SARS ta 2002 fa? An bi sawunta har kasuwannin namun daji na lardin Guangdong, aka samu ƙwayar a jikin wani nau'in tunkun juda, asalinta kuma daga jemage.

Kada wani ya ce ai wannan matsalar mutanen Sin ce. A 2003 an kwashi gafiyoyi da wasu ƙananan dabbobi daga Ghana zuwa Amurka don masu kiwon sha'awa. Ta hanyarsu ƙyandar biri ta shiga can, ta kama mutum 47. Gafiya dai wadda yaranmu ke tonowa su feɗe da hannu! A watan Afrilun 2019 kuma, hukumomin Singafo sun kama sama da tan 25 na ɓawon ɗankunya da aka yi lodinsa daga Najeriya. Wato muna cikin wannan fatauci dumu-dumu.

Abin ba wuyar ganewa. Dabba na iya ɗauke da ƙwayar cuta ba ta nuna alama ba. Idan aka kamo ta, aka cusa ta a keji da wasu, aka yanka, jini da kashi suka taɓa hannu, shi ke nan an buɗe wa cuta hanya. Mu kuma a bakin iyakar Nijar muke, kaya na shige da fice dare da rana. Je ka kasuwanninmu ka duba shimfiɗar masu magani: fatu, ƙasusuwa, kawunan ungulu. Wa ke dubawa?

Na san za a ce muna fama da 'yan bindiga, wa ke ta gafiya. Gaskiya ne. Amma mutanen da aka raba da gidajensu, suna kwana a cunkushe, asibiti ya yi musu nisa, su annoba za ta fara kwasa.

Roƙona kaɗan ne. Gwamnatin jiha ta sa ma'aikatan lafiyar dabbobi a kasuwannin bakin iyaka. Sarakunan pawa da shugabannin mafarauta su riƙa kai rahoto da zarar sun ga dabbobi na mutuwa ba dalili. Iyaye kuma mu hana yara wasa da jemage da mushe. Rigakafi dai ya fi magani.

Ko yaya kuka gani? Allah Ya tsare mu.