Tsabtar sauti daga ƙaramin akwati take farawa

Duk wanda ya bi ta France Road, ko ya shiga wajen masu kayan lantarki a kasuwar Sabon Gari, wadda aka sanya wa sunan tsohon gwamna Muhammadu Abubakar Rimi, ya san yadda cinikin kayan sauti yake tafiya. Tambayar mai saye ɗaya ce: "Wat nawa ne?" Mai shago ya murɗa ƙara har ƙirji ya ɗauka, a yi ciniki, a ɗora wa ɗan dako amfilifaya da manyan sifikoki. Sai a ƙarshe, da ragowar canji, ake tuna ƙaramin akwatin da ake jonawa a gaban amfilifayar, wato firi-amf, ko ƙaramar miksa mai yin aikinsa. A ganina an kifa lissafin. Wannan akwati da ake rainawa shi ne yake yanke hukuncin ko sautin gidanka zai fita tas ko zai fita da ƙugi, kuma samun mai kyau ba ya bukatar kuɗi mai yawa, sani yake bukata.

Dalilin yana cikin yadda aikin yake. Babbar amfilifaya ba ta gyara sauti, abin da aka ba ta take kumburawa. Yawancinsu suna bukatar wajen bolt 1 zuwa 2 a mashigarsu kafin su ba da cikakken ƙarfinsu, alhali makirfo ba ya fitar da abin da ya wuce 'yan kashi kaɗan cikin dubu na bolt ɗaya. Firi-amf ne yake ɗaga wannan raunanan sauti zuwa matakin da ake so, shi yake zaɓar ko dikoda za a ji ko waya ko makirfo, shi kuma yake riƙe da makunnin ƙara. Duk wani datti da ya shiga a wannan mataki, amfilifaya za ta ninka shi tare da muryar. Idan ruwa ya gurɓace tun daga rijiya, babban injin famfo ba abin da zai ƙara maka sai yawan gurɓataccen ruwa. Akwai kuma batun dacewa. Ma'aunin kayan gida kusan bolt 0.3 ne, na kayan ɗakin taro da na masu kiɗan biki kusan 1.2, wato ninki huɗu. Shi ya sa mutum zai sayi ƙatuwar amfilifaya ta gwanjo wadda aka ƙera don ɗakin taro, ya jona mata wayarsa kai tsaye, ya ji ƙara ba ta kai ba, ya koma shago yana cewa an cuce shi, alhali matsakaicin da zai haɗa su ne babu.

Za a ce ai araha ba ta ado, mai son sauti mai kyau dole ya buɗe bakin aljihu. A wasu kayan haka ne, amma a nan maganar tana da iyaka. Ƙaramar ƙwaƙwalwar lantarki mai lamba NE5532, wadda kamfanin Signetics ya fitar a 1979, har yau tana cikin na'urorin ɗakunan ɗaukar sauti da dama a duniya, kuma tana daga cikin abubuwa mafi arha a kan teburin mai gyaran rediyo. Abin da yake raba mai kyau da marar kyau shi ne ingancin ɓangaren da ke ba na'urar wuta, da makunnin ƙara, da ramukan jona waya, da ko jikin akwatin ƙarfe ne mai kare shi daga ƙugin waje. Duk waɗannan ana iya gwada su a tsaye a cikin shago. A jona akwatin da amfilifaya, a cire kiɗa gaba ɗaya, a ɗaga ƙara zuwa rabi, sannan a kai kunne kusa da sifika. Idan ana jin "shuu" mai ƙarfi ko ƙugi mai kauri, a ajiye shi komai kyan fitilunsa. A murɗa makunnin a hankali: in yana ƙaras-ƙaras, ko sifikar dama ta riga ta hagu tashi, to ba zai yi ƙarko ba. Tambarin Yamaha ko Behringer a goshin akwati ba hujja ba ce, don kayan da ke zuwa Kano ta kasuwar Alaba ta Legas akwai na asali, akwai na kwaikwayo.

Sai kuma matsalar da ta fi damun mazauna Fagge da Sabon Gari, wato wuta. Abin da ya kamata ya zo gida bolt 230 ne, amma kowa ya san yadda wuta take sauka ta hau, ga janareta, ga gidaje masu yawa da wayarsu ba ta da ta ƙasa. Ƙugin nan da ake ji a sifika sau da yawa na wutar gida ne, mai kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, yana shigowa ta doguwar waya marar kariya. Don haka wanda amfilifayarsa ke da rami mai ƙafa uku, wanda ake kira XLR, ya nemi firi-amf mai irinsa, domin wannan waya an tsara ta ne ta soke ƙugin da ta kwaso a hanya. A sa duka na'urorin a soket guda, a samo sitabilaiza, a kuma kiyaye ƙa'ida: amfilifaya ita ce ta ƙarshe wajen kunnawa, ita ce ta farko wajen kashewa, don kada bugun nan na "dum" ya illata sifika.

Wani zai ce shi amfilifayarsa tana da makunnin ƙara da Bluetooth da wajen makirfo, me zai yi da ƙarin akwati? Gaskiyarsa, kuma mai shago na ƙwarai shi zai fara gaya masa haka. Irin wannan na'ura da firi-amf ɗinta a ciki, kamar yadda yake a amfilifayoyin Ahuja da ake yawan gani a masallatai. Jera wani a gabanta ba ya ƙara komai sai hayaniya da haɗarin cika mata ciki, kuma sautin da ya cika har ya fashe shi ne yake yawan ƙona ƙananan sifikoki masu fitar da siririyar murya. Wannan ma ƙarin hujja ce cewa dacewa ake nema, ba tarin akwatuna ba. Haka batun wat yake. Ninka ƙarfin amfilifaya sau biyu ɗan ƙari kaɗan kunne yake ji, sai an ninka kusan sau 10 kafin a ji ƙara ta ninka. Dubban wat da ake rubutawa a kwali da tambarin PMPO kuwa talla ce. A juya akwatin a duba yawan wutar da yake ja, don na'ura ba ta iya ci gaba da fitar da abin da ya fi wanda take sha.

Masu ganin wannan magana ce ta 'yan gayu a lokacin da ake fama da tsadar abinci su tuna cewa talaka shi ya fi cutuwa idan ya sayi abu sau biyu. Kuma a unguwanni masu cunkoso irin namu, sauti marar tsabta shi ke sa a yi ta ƙara murya don a fahimci kalma, maƙwabci ya rasa barci, mai sauraron karatu ya rasa rabin abin da malam ya faɗa. Muryar da ta fita tas ba ta bukatar tsawa. Saboda haka ina kira ga masu shagunan Sabon Gari su riƙa tambayar mai saye wace amfilifaya gare shi da abin da zai jona mata kafin su faɗi farashi, su kuma yarda a yi gwajin shiru a gabansu. Mai saye kuma ya rubuto lambar amfilifayarsa, ya ware kuɗin waya mai kyau da sitabilaiza tun daga gida, kada ya biya sai kunnensa ya gamsu.