Ƙashin Idon Sawun Da Ya Sa Masana Suka Janye Maganarsu



Duk wanda aka gaya wa cewa kakannin ƙaton dabban tekun nan da muke kira kifin wel a tudu suka rayu da ƙafafu huɗu, abin da zai fara cewa shi ne tatsuniya ce. Ni a ganina maganar ta cancanci a saurare ta da kyau. Dalilina kuwa, masu yin ta sun taɓa kuskure, hujja ta ƙaryata su, suka kuma yarda a bainar jama'a.

Da farko, wel ba kifi ba ne. Da huhu yake numfashi, haihuwa yake yi, yana shayar da ɗansa nono. Kifi gefe da gefe yake kaɗa jela, shi kuwa sama da ƙasa. A cikin hannunsa na iyo akwai ƙasusuwan yatsu. To daga ina ya samo su?

A 1981 Philip Gingerich na Jami'ar Michigan da abokin aikinsa Donald Russell suka bayyana wani ƙoƙon kai da aka tono a Pakistan, mai kimanin shekaru miliyan 50, suka sa wa dabbar suna Pakicetus. Ƙashin kunnenta yana da wani kauri irin na dangin wel. A 1990 tawagar Gingerich ta ba da labarin ƙananan ƙafafun baya, har da yatsu, a jikin Basilosaurus, dabba mai tsawon mita 15 ko fiye, a Wadi al-Hitan cikin hamadar Masar. A 1994 Hans Thewissen ya fito da Ambulocetus, mai manyan ƙafafun da za su iya tafiya su kuma iya iyo. Ko a kudu maso gabashin Najeriya an tono muƙamuƙin wani tsohon wel, Pappocetus lugardi, wanda aka raɗa wa sunan Lugard.

Ga inda labarin ya fi burge ni. Shekara da shekaru masu nazarin ƙasusuwa, har da Gingerich, sun tsaya a kan cewa wel ya fito ne daga wasu dabbobi masu cin nama da suka ƙare, saboda haƙoransu sun yi kama. Masu binciken ƙwayoyin gado suka ce a'a, dorina ce 'yar uwarsa mafi kusa. Aka yi ta ja-in-ja. Sai a 2001 aka bayyana ƙasusuwan idon sawun tsofaffin wel da aka samo a Pakistan. Ƙashin yana da kwarmi a sama da kwarmi a ƙasa, siffar da aka sani a dangin akuya da saniya da dorina. Duk mai cin farfesun ƙafar akuya ya taɓa riƙe irinsa. Gingerich ya bar ra'ayin da ya daɗe a kai, ya bi ƙashin.

Wani zai ce, ai ba wanda ya gani da idonsa, kuma zane-zanen da ake nuna mana akwai ƙiyasi a ciki. Gaskiya ne. An fara zana Pakicetus tana ninƙaya tana bin kifi, alhali ƙoƙon kai kawai ake da shi. Da sauran ƙasusuwan suka fito a 2001, sai ga dabba mai siraran ƙafafu irin na tafiya a tudu. Amma ku lura da abin da ya gyara zanen: wani ƙashin ne da aka tono. Tatsuniya ba ta da irin wannan alƙali, yadda Gizo ya ce haka za a tafi.

Saboda haka, wanda bai gamsu ba yana da damar yin gardama, sai dai ya yi ta da ƙashin kunne da na idon sawu. Dariya kaɗai ba amsa ba ce. Mu kuma idan za mu kawo wa masu karatunmu irin wannan labari, mu raba abin da aka tono daga abin da aka ƙiyasta, kada mu ɓoye inda masana suka yi tuntuɓe.

Ina jiran ra'ayoyinku. Mu haɗu mako mai zuwa.