Rana kyauta ce, mu wanke hoto da ita

Wayata ta faɗa ruwa a zangon da ya wuce, hotunan shekara biyu na zamana a makarantar nan suka bi ta. Guda ɗaya ya tsira, na mahaifiyata, shuɗi, don shi na wanke da hannuna a kan takarda.

Sayanotayif ake kiran hanyar. Wani ɗan Ingila, John Herschel, ya gano ta a 1842, a 1843 kuma Anna Atkins ta fara fitar da littafin hotunan ciyayin teku da ita. Sinadarai biyu ake haɗawa, a shafa wa takarda a inuwa. In ta bushe a ɗora nagatif ko ganye, a danne da gilashi, a kai rana. Bayan 'yan mintuna a wanke da ruwan famfo. Duk inda rana ta taɓa sai ya koma shuɗi, kai ka ce daga marinar Ƙofar Mata ya fito. Da ita aka daɗe ana kwafar zanen gine-gine, 'yan akitekca ku tambayi malamanku.

To don Allah, me ya hana a koya mana? Kullum furaktikal ɗinmu na jiran a kawo wuta, ga rana tana dukanmu a banza.

Abokina ya ce wannan ci baya ne. Gaskiya ba za ka yi fasfo da shi ba, kuma sai da na ɓata takarda biyar kafin fuskar Mama ta fito. Amma yau tana manne a bangon ɗakina.

Shugabannin ƙungiya, Asabar ɗaya muke roƙo, da tebur da bokiti biyu, kafin mu kammala.