Bayan mura ta wuce, fuka ke isowa

A ƙasar Bakolori, daga Talata Mafara zuwa Bakura da Maradun, ba a lissafa mura cikin ciwo. Manomi zai wuni a gonar shinkafa yana atishawa, ya dawo ya sha shayi da citta da kanumfari, gobe ya koma. Ga mafi yawan mutane hakan ya wadatar. Amma akwai waɗanda mura ke zo musu da rakiya, wato masu asma, wadda manya ke kira fuka. Zazzaɓi zai sauka cikin kwana uku ko huɗu, a ce an samu sauƙi, sai kuma ƙirji ya fara kuka da tsakar dare, numfashi ya riƙa fita da ƙyar. Wannan tsakanin, makonnin da ke biyo bayan mura, shi ne wurin haɗari, kuma shi ne tsarin kiwon lafiyar yankin bai tanadar wa komai ba.

Dalilin yana cikin bututun da ke kai iska huhu. An shafe bangonsu da wani siririn rufi na ƙwayoyin halitta. Wasu daga cikinsu majina suke fitarwa don ta kama ƙura da ƙwayoyin cuta, wasu kuma suna da ƙananan gasu masu kaɗawa dare da rana, suna turo majinar sama zuwa maƙogwaro. Duk wanda ya san magudanan ruwan da suka taso daga madatsar Bakolori, wadda aka kammala a 1978, ya san abin da ke faruwa idan dabe ya tsage kuma aka daina yasa: laka ta taru, ciyawa ta toshe, ruwa ya kasa isa gonar ƙarshe. Bairos ɗin infuluwenza, mura mai tsanani da kakanni suka sani da marisuwa tun annobar 1918, wannan rufin yake kai wa hari. Yana manne wa ƙwayar halitta, ya shiga cikinta, ya mayar da ita wurin hayayyafarsa, har ta mutu ta ɓantare. Share majina ya tsaya, jijiyoyin da ke ƙarƙashi su fito fili, ƙura kaɗan ko sanyin asuba ya isa ya tayar da tari. Gyaran rufin yakan ɗauki makonni.

Ƙwayoyin ba su mutuwa shiru. Suna fitar da sinadarin intafiron, wanda ke gargaɗin maƙwabtansu su rufe ƙofa, suna kuma sakin wasu sinadarai na yekuwa, kamar IL-33, masu kiran dakarun garkuwar jiki. A 2011 wasu masana a Boston ta Amurka, ƙarƙashin Dale Umetsu, sun nuna a jikin ɓeraye cewa wannan yekuwa tana tayar da wani rukunin ƙwayoyin garkuwa masu fitar da IL-13, sinadarin da ke ƙara majina ya kuma sa naman da ya kewaye bututun ya riƙa tsukewa da ɗan abu kaɗan. A jikin mai lafiya rikicin yakan lafa. A jikin mai asma, wanda bangon bututunsa da ma a kumbure yake, kamar an zuba kananzir ne a garwashi.

Ba infuluwenza kaɗai ke da laifi ba. Binciken da aka yi a Southampton ta Ingila, aka wallafa a 1995, ya gano bairos a cikin kashi 80 zuwa 85 cikin ɗari na tashin asma a yara 'yan makaranta, kuma mafi yawansu bairos ɗin mura ce ta yau da kullum. Sai dai infuluwenza ta fi duka da ƙarfi. A annobar murar aladu ta 2009, asma ce cutar da aka fi samu tare da waɗanda aka kwantar a asibitocin Amurka.

Sai batun hunturu. A 2019 masana a Jami'ar Yale sun ajiye ɓeraye a busasshiyar iska, suka ga gasun nan sun rage kaɗawa, gyaran rufi ya yi jinkiri, gargaɗin intafiron ya raunana. Iskar da ke kaɗawa a Zamfara daga Nuwamba zuwa Fabrairu busasshiya ce, ɗauke da ƙurar Sahara. A Bakolori kuma farkonta yana haɗuwa da girbin shinkafar damina: bugu, shiƙa, ƙaiƙayi na tashi, ga ƙona karmami don share gona kafin noman rani. Da dare a rufe ɗaki a hura wuta saboda sanyi, yara da manya su kwana cikin hayaƙi. Bututun da mura ta riga ta ɗaye ba ya samun sararin warkewa.

Abin da aka saba yi sananne ne. A je kemis a sayo maganin kashe bakteriya, wanda ba ruwansa da bairos. Idan ƙirji ya tsuke a yi allura, ko a haɗiyi ƙwayoyin sitiroid na makonni, irin waɗanda wasu ke sha don ƙiba, masu tayar da sukari da hawan jini. Mai hali ya sayi shuɗiyar inhela ta salbutamol. Ita tana buɗe bututu cikin mintuna, amma ba ta taɓa kumburin da ke ƙasa. Tun 2019 ƙungiyar GINA, mai fitar da ƙa'idojin kula da asma na duniya, ta daina amincewa da a riƙe baligi a kan ita kaɗai. Abin da ke hana tashin ciwon shi ne inhela mai ɗan sitiroid kaɗan da ke sauka kai-tsaye a huhu, kamar budesonide ko beclometasone, kuma suna cikin jerin magungunan da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce bai kamata a rasa ba. Hukumar ta ƙiyasta cewa asma ta kashe mutum 455,000 a 2019, akasarinsu a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi. Ba don asmarsu ta fi muni ba, sai don maganin bai isa gare su ba.

A nan Bakolori ta bambanta da Kano ko Zariya. Asma da dare take tashi, galibi gab da asuba, kuma dare a hanyoyin Maradun da Bakura ba lokacin tafiya ba ne tun da 'yan bindiga suka addabi yankin. Mahaifin da ɗansa ke haki da ƙarfe biyu na dare zai zaɓa ne tsakanin haɗari biyu. Babban asibitin Talata Mafara, balle Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Gusau, ba su da amfani ga wanda ba zai iya isa gare su ba sai gari ya waye. Inda motar asibiti ba ta zuwa, rigakafi ne kaɗai agajin gaggawa.

Za a ce tsada. Gaskiya ne, farashin inhela ya yi tashin gwauron zabo bayan kamfanin GSK ya sanar da rufe harkarsa ta kai-tsaye a Najeriya a 2023, ga faɗuwar naira. Allurar rigakafin infuluwenza kuma ba ta cikin rigakafin yau da kullum na ƙasar nan. Amma gwamnatin da ke iya raba taki da iri kafin noman rani, tana iya sayen inhela a sari ta ajiye a ƙananan asibitocin ƙananan hukumomin uku kafin Nuwamba, ta sa ma'aikatan lafiya su rubuta sunayen masu fuka, su koya musu shaƙa daidai da alamomin da ke nuna a nemi asibiti tun da rana. Ko mazubin da ke taimaka wa yaro ya shaƙi maganin ba sai an sayo ba: likitoci a Cape Town sun nuna a 1999 cewa gorar ruwa ta roba mai rabin lita, idan aka huda gindinta aka soka bakin inhela, tana yin aikin na kanti.